Faɗuwar da na ɓoye wa iyalina a dajin Kagarko

Da misalin ƙarfe 3 na daren wata Litinin, ina kwance a gadon asibiti a Kaduna, gumi mai sanyi yana karyo mini, likita ya sunkuyo ya tambaye ni, "Alhaji, ka faɗi ne, ko wani abu ya buge ka a 'yan kwanakin nan?" Kafin in buɗe baki uwargidana ta riga ni. Ta ce, "Babu inda ya faɗi, likita. Ɗaurin aure kawai ya je Kafanchan ranar Asabar ya dawo." Da zuciya ɗaya ta faɗi haka, domin abin da na gaya mata ke nan.

Na daɗe ina so in rubuto wa wannan fili labarin, kunya tana hana ni. Ita ce ta ce in rubuta, kuma ta ce kada in rage komai.

Shekarata 46, ina da 'ya'ya huɗu, kuma tun ina yaro nake son babur. Wani kawuna da ke fatauci zuwa Agadas shi ya fara cusa mini abin. Idan ya dawo yakan ba mu labarin Turawan da ke ratsa hamada a kan babura, fuska duk ƙura, su kwana a Agadas su wuce. Sai da na girma na gane gasar Paris-Dakar yake nufi, wadda aka fara a ƙarshen Disambar 1978, ta yi shekaru tana bi ta Nijar da hamadar Tenere. A 2008 aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ta koma Saudiyya. Duk watan Janairu ina bin ta a waya kamar yadda wasu ke bin ƙwallo.

Da Allah Ya hore mini, sai na sayi Honda Africa Twin na hannu. Ga wanda bai san shi ba, babur ne dogo mai injin da ya kusa cc 1000, nauyinsa ya haura kilo 230 idan an cika tanki. Wato kusan ninki biyu na Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa. Ranar da na kawo shi gida yaran unguwa suka cika ƙofar gidanmu, ita kuwa uwargida ta leƙo ta dube shi ta koma ciki. Da dare muka yi yarjejeniya. Zan hau ranar Lahadi da safe, a kan kwalta, da hular kwano, in dawo kafin azahar. Daji kuwa babu ni babu shi. Na amsa, na kuma riƙe alkawarin kusan shekara biyu.

Abin da ya karya shi shi ne wata 'yar gasa da abokan hawanmu na Kaduna da Abuja suka shirya a tsakaninsu a watan Nuwamba. Ba wata babbar gasa ba ce, babu tuta babu 'yan jarida. Mu 17 ne. An zana hanya ta kusan kilomita 90 a hanyoyin gona da ke kewayen Kagarko, an tura wa kowa a wayarsa, ana sakin mutum ɗaya bayan kowane minti biyu, akwai wurare uku da za a buga maka hatimi a kati. An zaɓi Kagarko ne saboda tana tsakiya: mu mu gangaro ta hanyar Abuja mu karya a Jere, su kuma su hauro ta Bwari. Na san idan na faɗa a gida ba za a bar ni ba. Sai na ce ɗan wani abokin aikina zai yi aure a Kafanchan. Na fita da babbar riga da hula, na canza kaya a garejin wani aboki inda baburan suka kwana.

Wanda bai taɓa shiga kudancin Kaduna a ƙarshen damina ba, ba zai gane abin da ya ja mu ba. Ƙasar ja ce, ciyawa ta fi mutum tsawo, ga duwatsu a tsaye nan da can, ga rafuka da ba su gama janyewa ba. Lokacin an fara haƙar citta, ƙamshinta yana shigowa har cikin hular kwano. Wannan yanki, daga Kachia zuwa Kagarko da Kwoi, shi ke ba ƙasar nan mafi yawan cittarta, kuma mutanen suna farfaɗowa ne daga cutar da ta cinye musu gonaki a daminar 2023. A kilomita 20 na farko na ji wani daɗi da na manta rabon da in ji irinsa. Ina tsaye a kan matakai, babur yana rawa a ƙarƙashina, babu bashi babu hawan jini babu kuɗin makaranta a raina.

Sai muka shiga wani ƙaramin ƙauye. Waɗanda suka shirya gasar sun je sun gaida masu gari, sun sanar da 'yan sintiri, amma ga alama saƙon bai kai ko'ina ba. Mata ne zaune a inuwa suna tsaga citta. Da jin ƙarar baburan da ke gabana da nawa, sai suka watse. Na ga wata ta fizgi yaro da hannu ɗaya ta faɗa cikin dawa, zaninta yana kwancewa. Wata tsohuwa da ba ta iya gudu ta zauna kawai ta ɗora hannu a ka. A wannan yanki, jerin babura daga daji ba wasa yake nufi ba. Mutanen Kagarko sun sha ganin masu garkuwa da mutane, kuma saboda irin wannan ne gwamnatin jihar ta taɓa hana hawa babur gaba ɗaya a 2021. Mu da muka zo shan iska da fuska a rufe, ba mu yi wannan tunanin yadda ya kamata ba. Na rage gudu, na ɗaga gilashin hula ina cewa "Sannunku, mu ne, baƙi ne," amma wa zai tsaya ya saurara? Har yau idan na tuna tsohuwar nan raina yana ɓaci.

Ina jin hankalina bai gama dawowa daga ƙauyen ba lokacin da na iso rafin. Ruwan bai kai gwiwa ba, na haye lafiya. A ɗaya gaɓar akwai yashi mai laushi da ɗan hawa. Tayar gaba ta nutse, kan babur ya juya, ni kuma na yi abin da duk wanda ya saba da kwalta zai yi, na damƙe birkin gaba. Babur ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Ƙarshen sitiyarin ya soke ni a gefen hagu, daidai ƙasan haƙarƙari, sannan muka zube tare.

Gudun da nake yi bai wuce na keke ba. Ina sanye da hular kwano mai kyau, da riga mai kariya a ƙirji da baya da kafaɗu da gwiwar hannu, da takalma har ƙwauri. Kayan sun yi aikinsu, ko ƙujewa ban yi ba. Amma kwiɓi a buɗe yake, kuma nan ƙarfen ya samu.

Na yi kamar minti biyu ina neman numfashi. Da na miƙe na gwada ɗaga babur ɗin, ko motsi bai yi ba. A nan na gane dalilin da ya sa su kansu gwanayen Dakar, da duk horonsu, ba sa wuce injin cc 450. Ina cikin haka sai ga wani saurayi ɗan acaɓa ya fito daga rafin, buhu uku na citta a bayansa, silifas a ƙafa, babu hula babu komai. Ya jingine nasa, ya zo ya juya wa nawa baya, ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗaya, ya tura da ƙafafu muka tayar da shi. Ya ce, "Sannu Baba. Yashi ba a kama masa birkin gaba, wuta ake ba shi." Ya dube ni da kyau ya ƙara da cewa, "Baba, ka ɗan zauna. Fuskarka ta canza." Na ba shi dubu biyu, ya ƙi karɓa sai da na matsa. Ban zauna ba. Na ƙarasa gasar, na zo na 11, har ina alfahari.

A wurin tashi akwai akwatin agajin gaggawa a bayan wata mota, amma babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya a cikinmu. Wani daga cikin abokan ya ga ina dafe gefe, ya ce mu biya asibitin garin a duba ni. Na ƙi. Lissafin da na yi a raina shi ne, asibiti yana nufin jinkiri, jinkiri yana nufin waya daga gida, waya kuma tana nufin bayani. Babu jini, babu karaya, to me za a duba? Aka ɗora babur a mota, na mayar da babbar rigata, na isa gida bayan isha'i, har da 'yar tsarabar citta da na ce daga Kafanchan take.

Ranar Lahadi na tashi gefe ya riƙe. Na ce mata kwanciyar mota ce da sanyi. Ta dafa ruwa ta gasa mini wurin da tawul, ta shafa man zafi tana dannawa da ƙarfi, ina cije baki. Da yamma na aiki yaro kemis ya sayo mini diclofenac. Ranar Litinin na je aiki, na kasa cin abincin rana, na dawo da wuri. Wajen ƙarfe 1 na dare wani ciwo ya tashe ni, ba a ciki ba, a kan kafaɗar hagu. Na tashi zan shiga bayi, jiri ya kwashe ni na faɗi a bakin ƙofa. Ita ta ɗauka zuciya ce, tunda ina shan maganin hawan jini. Ta buga wa maƙwabcinmu ƙofa, shi ya kai mu.

To, mun dawo ga tambayar likita. Bayan ta amsa, sai na ga ya juya yana ba da umarnin a kawo na'urar gwajin zuciya. Wallahi, mai karatu, sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Ina jin raina yana fita, amma ina auna kunyar da zan sha. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Na ce, "Likita, na faɗi a babur ranar Asabar. Sitiyari ya buge ni a nan." Ban dubi inda take ba.

Nan take komai ya sauya. Ya danna cikina na yi ƙara, aka jawo na'urar hoton ciki, ya nuna wa abokin aikinsa wani baƙin wuri a allon ya ce jini ne. Saifata ce ta fashe. Aka miƙa wa uwargida takardar amincewa da tiyata ta sa hannu, aka shiga neman jini. Leda uku aka ƙara mini: ta ƙanena, ta yayanta, da ta abokin nan da ya ce mu biya asibiti na ƙi. Da asuba aka cire saifar gaba ɗaya.

Bayanin da likitocin suka yi mini daga baya shi ne babban dalilin wannan rubutu, domin ban taɓa jin sa ba sai da ya same ni. Saifa tana gefen hagu na ciki, a ɓoye a bayan haƙarƙarin ƙasa, girmanta kamar dunƙulen hannu. Aikinta tace jini, da kawar da tsofaffin ƙwayoyinsa, da taimaka wa jiki yaƙar wasu ƙwayoyin cuta. Tana da laushi, cike take da jini, shi ya sa tana cikin kayan cikin da suka fi saurin fashewa idan an bugi mutum. A ƙasashe irin namu kuma, inda zazzaɓin cizon sauro ke kama mutum a kai a kai, saifar wasu takan kumbura ta leƙo ƙasan haƙarƙari, sai ƙaramin bugu ya ishe ta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba lallai ta zubar da jinin nan take ba. Tana da wata 'yar fata da ta lulluɓe ta. Wani lokaci cikin ne ke tsagewa, jinin ya taru a ƙarƙashin fatar, mutum ya ci gaba da harkokinsa na awanni ko kwanaki, wani har makonni, sannan fatar ta yage. Nawa ya ɗauki kwana biyu da rabi. Ciwon kafaɗar da ya ruɗe mu kuwa, jinin da ya zuba ne yake taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma tana da alaƙa da kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ji ciwon a can. Jinin jikin babban mutum gaba ɗaya bai wuce kamar lita 5 ba, kuma ciki yana iya ɓoye kaso mai yawa daga ciki ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Alamun da ake gani su ne jiri, musamman idan an miƙe, da gumi mai sanyi, da bugun zuciya da sauri, da ƙishirwa, da dashewar tafin hannu da cikin ido. Maganin ciwon da na sha ma bai taimaka ba, domin irinsu diclofenac da ibuprofen da asfirin suna iya rage wa jini saurin daskarewa.

Likitan tiyatar ya ce da na zo ranar Asabar, mai yiwuwa da kwantar da ni kawai za a yi a sa ido, domin ba kowace saifa da ta ji rauni ake cirewa ba. Ya kuma ce yawancin waɗanda ake kawo musu da irin wannan ba masu manyan babura ba ne. Yaro ne da kan keke ya soka a ciki, ko wanda ya faɗo daga mangwaro, ko ɗan acaɓa, ko wanda saniya ta tunkuya. Yaron yakan yi shiru don tsoron bulala. Da ya faɗi haka sai na ji kamar da ni yake, ga furfura a gemu.

Mu maza muna da wata ɗabi'a da muke kira dauriya. A gaskiya nawa ba dauriya ba ce, tsoron mata ne da girman kai.

Kwana takwas na yi a asibiti. Tana kawo abinci, tana taimaka mini in tashi, tana amsa gaisuwar masu dubiya da fara'a, amma ni ba ta ce mini komai ba bayan "sannu" da "ga magani". Sai a daren da muka koma gida, bayan yara sun kwanta, ta zauna a bakin gado ta ce, "Baban yara, babur ɗin ba shi ne ya ƙona mini rai ba. Ka sa na tsaya a gaban likita na yi masa ƙarya a kan ranka, ban sani ba. Ka bar ni na danna wurin nan da hannuna. Da ka mutu a daren nan, da me zan gaya wa Hajiya? Da me zan gaya wa kaina?" Ba ta ɗaga murya ba. Na nemi abin faɗa na rasa, na ce ta yafe mini. Ta ce ta ji, amma yafiya ba a yi mata gaggawa.

Hajiya, wato mahaifiyata, ba ta yi wannan kawaicin ba. Abin da ta faɗa mini ba zai bugu a jarida ba.

Yanzu ina rayuwa babu saifa, kuma ana rayuwa, sai dai da sharuɗɗa. Bayan kamar mako biyu da tiyata aka yi mini alluran rigakafin ciwon huhu da sanƙarau, domin waɗannan ƙwayoyin cutar sun fi samun galaba a kan wanda ba shi da ita. Ni da nake raina gidan sauro, yanzu ko tafiya zan yi da nawa nake tafiya, saboda zazzaɓin cizon sauro yana iya yi wa irina mummunan kamu. An gargaɗe ni cewa duk ranar da na ji zazzaɓi, ko tsakar dare ne, asibiti zan nufa, ba kemis ba. Akwai ɗan kati a aljihuna da ke cewa an cire mini saifa. Iyayen masu ciwon sikila sun san wannan rayuwar tun tuni, tunda saifar yaransu takan daina aiki tun suna ƙanana. Kuɗin da aka kashe kuwa, ya cinye kuɗin makarantar zango guda na yara uku, sai da na sayar da wani fili.

Ba zan ce hawa babur a daji haramun ba ne, kuma ban daina ganin kyansa ba. Abokaina sun sake yin wata gasar, a wannan karon da ma'aikacin jinya da mota a biye, da doka cewa duk wanda ya faɗi sai an duba shi kafin ya tafi gida, da kuma mutum biyu da ke riga kowa shiga ƙauyuka a ƙafa su yi sallama. Sun gayyace ni in riƙa buga hatimi. Na ce sai na tambaya a gida, suka yi ta dariya, ni kuwa da gaske nake.

A watan Fabrairu ta ce tana so ta ga wurin. Muka tafi a mota da safe, da sabuwar hular kwano a kujerar baya. A tashar 'yan acaɓa ta Kagarko ban sha wahalar samun saurayin ba, domin labarin "Baban da jirgin ƙasansa ya kayar" ya zaga. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta yi masa godiya, sannan ta ce ya ba ta labarin yadda abin ya faru. Ya ba ta tiryan-tiryan, har da inda ya ce in zauna na ƙi, wanda ni ban taɓa faɗa mata ba. Ta juyo ta dube ni kawai. Na miƙa masa hular, ya juya ta yana murna, ya gwada, sannan ya rataye ta a kan babur ya ce zafi ake yi.

Ya shige gaba muka bi shi har inda mota ta iya zuwa, muka ƙarasa a ƙafa. Rafin ya ƙafe, sai yashi da sawun shanu, wasu yara biyu suna tsallake shi da tallan rake. Ta tsaya ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Nan ne?"

Na ce, "Nan ne. Amma lokacin akwai ruwa."

Ta ce, "Uhm." Ta sayi rake na ɗari biyar, ta ce mu tafi kada la'asar ta same mu a hanya. Babur ɗin yana nan a gareji an lulluɓe shi da tamfol, makullin kuma yana cikin jakarta.